Cibiyar koyon tayil da sola a Bauchi: ajin tayil ya ci kuɗinsa, na sola da saura

Idan kana da yaro a gida wanda ya gama sakandare, makin JAMB bai kai ba, kana kuma tunanin kai shi ɗaya daga cikin cibiyoyin koyon sana'a da suka yawaita a Bauchi 'yan shekarun nan, ga bayanin guda ɗaya da na sani ciki da waje. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai maganar da zan yi wadda masu ita ba za su ji daɗinta ba, kuma mutanen kirki ne. Tana ɓangaren Railway, cikin wani tsohon sito da aka raba da bulo gida uku: ajin tayil da silin POP, ajin sola da wayarin, sai ɗakin kwamfuta. Ɗan yayata ya yi kwas na wata shida a can. Ni kuwa aikina kula da gini, na daɗe ina tsaye a kan birkiloli da kafintoci daga Fadaman Mada har Yelwa, saboda haka idan na kalli aikin hannu na san abin da nake kallo.

Naira 120,000 muka biya, kashi biyu, ban da kuɗin fom da rigar aiki. Yaro yana zaɓar sana'a biyu. Ana shiga da safe a tashi bayan Azahar, Litinin zuwa Alhamis, ranar Asabar kuma a fita da su wurin aiki idan an samu. Namu ya zaɓi tayil da sola. Shi sola yake so, don ita ce ake yayi; tayil ni na matsa masa, uwarsa ma sai da ta ce mini, "Kai yanzu duk karatun da ya yi, lebura za ka mayar mini da shi?" Na ce, "Yaya, ki bar ni da shi."

Malamin tayil mutumin Togo ne, daga Sokode, garin Kotokoli. Musulmi ne, yana jin Hausa irin ta zango, wadda yaran suka yi ta kwaikwaya a makon farko kafin su gane ba abokin wasansu ba ne. Watan farko gaba ɗaya babu wanda ya taɓa tayil. Kwaɓin siminti, tankaɗe yashi, ɗaure igiya, sai fitar da lebul na ɗaki da siririn tiyo mai ruwa a ciki: mutum biyu su riƙe bakinsa biyu, a yi alama a bango inda ruwan ya tsaya, a zagaye ɗakin da haka. Ya koya musu gane ko kusurwar ɗaki ta miƙe ba tare da wata na'ura ba: a auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, idan tsakaninsu bai ba da 100 ba to birkila ya yi ƙarya, kuma mai tayil ne zai ɓoye ƙaryar. Yaron ya dawo gida yana ce mini, "Kawu, ashe lissafin nan da aka yi ta ba mu a aji uku yana da amfani." A makaranta ya haddace shi ya ci jarabawa ya manta. A sito, da tef a hannu, ya zauna masa.

Da aka fara shimfiɗa tayil, sai na ga dabarar da ta burge ni. Da jar ƙasa suke kwaɓin gwaji, siminti ɗan kaɗan, yadda za a iya ɗaga tayil ɗin gobe a wanke a sake. Ɗaki guda suka yi ta shimfiɗawa suna cirewa. Yana bin aikin da ƙotar guduma yana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ba da ƙarar fanko, akwai rami a ƙarƙashinsa, ranar da aka ɗora ƙafar gado a kai zai fashe. Sai a cire layin duka. Ya nuna musu wane tayil ake jiƙawa a ruwa kafin a sa, wanne ne ba ya shan ruwa sai da gam, daga ina ake fara ɗaki don yankakkun su faɗa bayan ƙofa ko ƙarƙashin kujera, da yadda ake ba banɗaki gangara wadda ido ba ya gani amma ruwa ya sani. Wata rana na ce masa, "Maigida, ba ka ganin cire-ciren nan zai kashe musu gwiwa?" Ya ce, "Injiniya, yaron da bai cire aikinsa da hannunsa ba, mai gida ne zai cire masa, ya kuma cire kuɗinsa."

Shi da kansa shekara uku da wani abu ya yi a hannun ubangidansa a can ƙasarsu. Tsarinsu ke nan a Togo da Benin: iyaye su je su sa hannu a yarjejeniya da mai sana'a, su biya, yaro ya zauna har ya ƙware, a yi masa jarabawa, a yi bikin yaye shi. Yana da takardar kammalawa, ya nuna mini ita, ta sha lanƙwasa, da Faransanci. Wannan ne ya sa duk mai ginin da ya san ciwon kuɗinsa, daga Abuja har nan, idan aka zo tayil da POP sai ka ji ya ce a nemo masa 'yan Kwatano ko 'yan Togo. Yaranmu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Wata uku suke yi a bayan oga, su ga sun iya riƙe cokalin gini, su sayi giranda, su buga lambar waya a bango.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne, a takardun cibiyar wannan mutumin "mataimaki" ne. Sunan wani mai HND aka rubuta a matsayin malamin ajin, wanda ban taɓa ganin siminti a takalminsa ba. Shugaban cibiyar ya ce mini dole ce ta sa, wai idan masu duba makarantu suka zo takarda suke tambaya. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya, amma akwai lalaci a ciki. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke kula da kwalejojin fasaha, tana da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa da ake kira NSQ, kuma a cikinsa akwai hanyar da za a gwada mai sana'ar da ya koya a kasuwa, a ba shi shaidar matakin da hannunsa ya kai. Irin wannan aikin aka fara da masu sana'ar kasuwar Panteka tare da Kwalejin Fasaha ta Kaduna. Hanyar tana nan. Bin ta yana cin lokaci da kuɗi, cibiyar kuma ta ga rubuta sunan wani ya fi sauƙi.

Duk lokacin da gwamnati ta tashi maganar baƙin ma'aikata, manya take hange. A watan Fabrairun 2024 aka ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki: dala 15,000 a shekara kan kowane darakta, dala 10,000 kan sauran ma'aikata, wai don kamfanoni su koma ɗaukar 'yan ƙasa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu suka yi ca, ba a yi wata guda ba aka dakatar da shi. Tun kafin wannan, ƙa'idar Ma'aikatar Cikin Gida ta ce kamfanin da aka ba izinin kawo baƙo ya haɗa shi da 'yan ƙasa da za su koyi aikinsa su gaje shi. Ra'ayi ne mai kyau. Sai dai ni a iya zagayena, inda na ga ana aiwatar da shi da gaske shi ne wannan sito, wurin mutumin da babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta san da zamansa. Shi da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ya shigo, wadda ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna babu biza. Ba kamfani ya kawo shi ba, motar haya ce.

Kuma masu sana'ar nan 'yan Togo da Kwatano suna tafiya. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 ta faɗi, wanda ke aiki a nan yana aika kuɗi gida da sefa ya ga lissafin ya daina fita. Cikin masu tayil da POP da nake kira a da, da yawa lambarsu ta daina shiga. Wasu sun koma gida, wasu sun wuce Kodebuwa. Shi wannan ya zauna ne don ya yi aure a nan, 'ya'yansa a Bauchi aka haife su. Masu cewa baƙi sun ƙwace wa yaranmu aiki su zo wurin gini su gani: baƙin sun ragu, aikin kuma bai dawo hannun yaranmu ba, tsada kawai ya ƙara, mai gini yana jiran layi.

Wanda ya kai shekaruna ya taɓa ganin irin wannan. A farkon shekarun 1980 makarantun sakandaren Arewa cike suke da malaman lissafi da kimiyya daga Gana da Indiya da Pakistan. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, galibinsu 'yan Gana, tattalin arziki ya kori sauran a hankali. A daidai lokacin ne kuma aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda aka ce zai sa kowane yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. An shigo da injinan koyar da fasaha daga Gabashin Turai aka rarraba. A makarantarmu akwatunan suna nan a bayan ofis har muka gama, babu wuta, babu wanda ya iya haɗa su. A kansu muke zama mu ci gyaɗa. Kayan aiki suka iso a lokacin da masu koyarwa ke fita. Shi ya sa idan na ji sabon shiri, tambayata ta farko ita ce wa zai tsaya a kan yaron.

Ajin sola kuwa labarinsa daban. Malamin matashi ne da ya karanta injiniyan lantarki, yana da ladabi, kuma a allo ba shi da matsala. Yaronmu ya fito ya iya lissafin kaya: fanka nawa, ƙwai nawa, firji na awa nawa, a tara a fitar da girman inbata da yawan fanel. Ya san batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa ɗaya a lissafi, kuma irin na ruwa ba a shanye fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko. Wannan ilimi ne na gaske, da yawa cikin masu haɗa wa mutane sola a garin nan ba su da shi, shi ya sa batir ke mutuwa kafin shekara. Amma kayan aikin ajin duka inbata ɗaya ce, fanel biyu, da batura biyu da suka riga suka gaji, ga yara sun fi ashirin. Mutum ɗaya ke haɗawa sauran suna leƙe ta kafaɗarsa. Batirin litiyam, wanda yanzu duk mai hali shi yake saya, a hoto suka gan shi. Babu wanda aka hau da shi kan kwano aka nuna masa inda zai taka, ko yadda ake huda rufi a toshe kada damina ta tona asiri. Maganar wayar kariya da ake binnewa a ƙasa da kariyar tsawa an yi ta a baki, aka wuce.

Abin takaicin, kasuwar tana nan tana jira. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa. A 2024 an lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, daga baya a watan Oktoba kusan Arewa duka ta kwana cikin duhu na kwanaki. Daga masu shagon caji a Wunti har masu sayar da ruwan sanyi a Muda Lawal, kowa sola yake nema. Yaron da ya iya wannan aiki da kyau ba zai zauna ba. Sabon shirin koyar da sana'a da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ƙaddamar a 2025 ya ce kashi 80 na koyo ya zama aikin hannu, kashi 20 karatun aji. Idan da wannan ma'aunin za a auna, ajin tayil ya wuce, na sola kuwa ya juya lissafin.

Ɗakin kwamfuta ban daɗe a ciki ba. 'Yan mata suka fi yawa, ana koya musu buga takardu da zanen katin biki, kwamfutocin tsofaffi ne amma suna tashi. A ƙofar an manna sanarwar shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa, na koya wa matasa fasahar kwamfuta, wanda Minista Bosun Tijani ya fara a ƙarshen 2023 da mutum 30,000 a rukunin farko, da burin kaiwa miliyan uku. Cibiyar ba ta cikin shirin. Taimaka wa yara cike fom kawai take yi, ta karɓi ɗan wani abu. Mai son wannan fannin ya fara tanadin kwamfutarsa da kuɗin data, don awa biyu a mako a kan ta haya ba za ta kai shi ko'ina ba.

Sai maganar satifiket, wadda ita ce ya kamata kowane uba ya tambaya kafin ya ciro ko sisi. Takardar da suke bayarwa tasu ce, su suka buga, su suka sa hannu. Ba ta NABTEB ba ce, hukumar jarabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, ba gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ba ne mai mataki uku, ba kuma NSQ ba. Ga wanda zai yi aikin gidaje a cikin gari, babu mai tambayarsa takarda; ɗakin da ya yi jiya shi ne shaidarsa. Amma ranar da ya nufi ƙofar babban kamfani, ko simintin Ashaka, ko aikin bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano, ko in Allah ya sa man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 ya tashi da gaske, ko ya so fita Saudiyya aiki ta hanyar da ta dace, to a nan za a nemi shaidar da wata hukuma ta gwada shi. Rashin irin wannan shaidar na cikin dalilan da ake kawowa idan aka tambayi me ya sa manyan ayyuka ke shigo da masu walda daga Indiya da Sin. Na tambayi shugaban, "Malam, wace hukuma ce ke gwada yaran nan?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, muna kan hanya." Da muka je bikin yaye su ma a kan hanyar na same shi.

Don ba su shiga tsarin gwamnati ba, alawus ɗin naira 22,500 a wata da aka sanar wa masu koyo a sabon shirin Ministan Ilimi bai shafi yaransu ba, kayan fara sana'a ma babu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin Keke daga unguwarmu zuwa Railway da dawowa, in ka tara na wata shida, ya kusa kamo rabin kuɗin makarantar. Na ga yara masu hannu mai kyau sun daina zuwa a wata na uku, ba don sun gaji ba. Wanda gidansu ba ƙarfi, ya fara bincika kwalejojin fasaha na gwamnati irin ta Gumau, ko ofishin ITF, hukumar da aka kafa tun 1971 don horar da masu sana'a, kafin ya zo nan.

Wasu ƙananan abubuwa: wurin yana da tsabta, akwai ruwa, akwai inda ake sallah, ba a dukan yara, ba a kuma aiken su sayo wa malami abinci, wanda duk wanda ya yi zaman gareji ya san darajar wannan. Tabarau na kare ido guda uku ne kacal a ajin da ake yanka tayil da giranda, abin rufe hanci kuwa kowa da ƙyallensa. Na saya wa namu nasa, na kuma gaya wa shugaban cewa ƙurar tayil ba ta fita daga huhu.

Da ya gama, na ba shi banɗaki guda a wani gini da nake kula da shi a hanyar Ningi, ban gaya wa mai gidan ɗana ne ba. Ya yi kwana uku a aikin da gwani zai gama a yini ɗaya da rabi. Yankan da ya yi a bakin bututu bai yi kyau ba, sai da aka rufe da farin siminti. Amma layukan sun miƙe, na bi da ƙotar guduma ban ji fanko ko ɗaya ba, na kwarara bokitin ruwa a bakin ƙofa ya tafi magudana bai tsaya a ko'ina ba. Akwai masu shekara biyar a sana'ar da ba zan ba wannan shaidar ba. A sola kuwa ba zan bar shi ya taɓa gidan kowa shi kaɗai ba tukuna; na haɗa shi da wani mai wayarin da na yarda da shi, yana riƙe masa tsani yana kallo.

Wata shida ba ta yin gwani, shi ma malamin bai ce tana yi ba. Cikin kowane rukuni yakan zaɓi biyu ko uku su ci gaba da bin sa wuraren aikinsa na kansa, yana ba su na abinci da na mota. Namu yana cikinsu, mun yi magana zai yi shekara guda a hannunsa, bayan nan in kai shi ya yi gwajin Ma'aikatar Ƙwadago. Sabon rukuni bayan Babbar Sallah za su ɗauka. Mai niyya ya je da kansa ranar aiki, kada ya tsaya a ofis, ya wuce ajin tayil ya tambaya ko mutumin Sokode yana nan. Idan yana nan, a biya kuɗin tayil. Na sola a dakata sai an ga sun ƙaro kaya.